Kiɗan shaiɗan ne ko karatun adabi? Fashin baƙi kan faifan da aka gina a kan labaran Edgar Allan Poe

Shin faifan waƙar da ya ƙunshi labarin kisan kai, da gawar da aka ɓoye a ƙarƙashin katakon ɗaki, da mutumin da aka gine wa bango yana da ransa, kiɗan shaiɗan ne? Da yawa daga cikinmu ba ma bari a dire tambayar kafin mu ce e. Da zarar an ji jita tana kuka, an ji murya mai kama da ta na'ura, an ga bangon faifai mai duhu, sai a yanke hukunci: 'yan ƙungiyar asiri ne. Maganar ta fi tashi a ƙarshen watan Oktoba, lokacin da Turawa ke bikinsu na Halowin, kuma ta samu sabon makamashi tun da Netflix ya fitar da shirin The Fall of the House of Usher a Oktoban 2023. Shirin ya sa matasa da yawa sun fara jin sunan marubucin Amurka Edgar Allan Poe. Duk wanda ya bi sawun wannan suna a intanet kuwa, ba zai yi nisa ba zai ci karo da wani faifai na 1976 mai suna Tales of Mystery and Imagination, na The Alan Parsons Project, wanda shekarar 2026 ke cika masa shekara 50.

Hukuncin kiɗa a addini magana ce ta malamai, kuma ba ita ce a gabana ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke ɗora wa abu laifin da ba mu duba mun gani ba. Wanda zai guji faifan nan ya guje shi a kan sani, wanda zai saurara ma ya san abin da yake ji.

Wane irin kiɗa ne wannan?

Sai mun koma kan faifan garmaho kafin mu gane. Kafin 1948, faifan da ake sayarwa ba ya ɗaukar fiye da minti uku zuwa biyar a kowace fuska, don haka waƙa ma gajeruwa ake yin ta. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da dogon faifai mai ɗaukar sama da minti 20 a kowace fuska. Da farko mawaƙa tara waƙoƙi kawai suke yi su cika wurin. Sannu a hankali wasu suka ga cewa minti 40 ya isa a gina abu guda mai farko da tsakiya da ƙarshe. Wannan shi ne faifai mai jigo ɗaya: kundin da duk waƙoƙinsa ke ɗaure da labari guda, ko tunani guda, ko aikin marubuci guda, kuma an jera su ne don a ji su bi da bi. Faifan da ƙungiyar mawaƙan Ingila ta Beatles ta fitar a 1967 shi ya fi jawo hankalin jama'a ga wannan tsari.

Shi kuma salon da Turawa ke kira progressive rock, ko prog a taƙaice, ya tsiro ne a Ingila a ƙarshen shekarun 1960. Matasa ne, da yawansu sun koyi piyano ko sun yi waƙar coci tun suna yara, suka ga kiɗan rok na minti uku ya yi musu kaɗan. Sai suka riƙa tsawaita kiɗa zuwa minti 10 ko 20, suna sauya taki a tsakiya, suna shigo da gogen Turawa da ƙahonni da sarewa, da kuma sababbin na'urorin lantarki irin su sintesaiza. King Crimson, Yes, Genesis, Pink Floyd da Jethro Tull su ne sunayen da aka fi ambata.

Irin wannan dogon kiɗa yana buƙatar ƙashin bayan da zai riƙe shi, shi ya sa masu yin sa suka riƙa komawa ɗakin karatu. Rick Wakeman ya ɗauki littafin Jules Verne a 1974, Jeff Wayne ya ɗauki na H. G. Wells a 1978. Don haka a 1976 ba wani abin mamaki ba ne a gina faifai a kan littafi. Abin da ya bambanta wannan shi ne marubucin da aka zaɓa.

Poe da irin tsoron da yake rubutawa

An haifi Poe a Boston ranar 19 ga Janairun 1809. Mahaifinsa ya gudu ya bar gida, mahaifiyarsa ta rasu a 1811 yana ɗan shekara biyu da watanni, wani attajiri a Richmond mai suna John Allan ya riƙe shi, daga baya suka ɓata. Ya rayu da alƙalaminsa a zamanin da alƙalami ba ya ciyar da mai shi. Waƙarsa ta hankaka, The Raven, da ta fito a Janairun 1845, ta sa sunansa ya karaɗe Amurka, amma ladan da aka fi ambata cewa an ba shi dala 9 ne. Lokacin da yake rubuta wannan waƙa ta mutumin da ya rasa masoyiyarsa, matarsa Virginia ta riga ta yi shekaru tana fama da tarin fuka. Ta rasu a Janairun 1847 tana da shekara 24. Shi ma a Oktoban 1849 aka tsince shi a Baltimore ba ya cikin hayyacinsa, sanye da tufafin da ba nasa ba, ya cika ranar 7 ga watan yana da shekara 40.

Akwai wani abu da ya kamata a sani game da baƙin sunan da ya bi shi. Kwana biyu da rasuwarsa wani abokin gabarsa a fagen rubutu, Rufus Griswold, ya buga ta'aziyya mai cike da suka a wata jaridar New York. Daga baya ya rubuta tarihinsa, ya nuna shi a matsayin mahaukaci mashayi marar amana, har da ƙirƙiro wasiƙun ƙarya. Gaskiya ne Poe ya yi fama da giya. Amma hoton nan na mutumin da ke rubuta mugunta don shi ma mugu ne, maƙiyinsa ne ya zana shi, kuma ya daɗe yana bin sa. Faransawa ne suka fara ɗaukarsa da muhimmanci, bayan Charles Baudelaire ya fassara labaransa a shekarun 1850.

Yanzu ga abin da nake ganin shi ne zuciyar maganar. A labaran da aka ɗauko aka sa a faifan nan babu aljani, babu maye, babu boka, babu wanda ya yi tsafi ko ya roƙi wani abin bauta. Abin tsoron mutum ne. Mutum mai gaba da ya ƙi yafewa, mutum mai laifi da zuciyarsa ta ƙi barinsa ya huta, mutum mai baƙin ciki da ke tono wa kansa ciwo. A wasu labaran mai laifin ne da kansa ke ba ka labarin, cikin natsuwa da tsari, yana neman ka yarda da shi. Tsoron yana zuwa ne a lokacin da ka lura ka daɗe kana bin hujjarsa kana gyaɗa kai.

Poe yana da ra'ayi kan yadda ake gina irin wannan aiki. A wata maƙala ta 1846 ya ce ya kamata a iya karance aiki a zama ɗaya, kuma kowane ɓangarensa ya yi hidima ga tasiri guda a ran mai karatu, domin in aka tashi aka dawo, harkokin duniya sun riga sun shiga tsakani. Fuskar faifai mai minti 20, wadda mutum zai ɗora wa allura ya zauna har ta ƙare, ta yi daidai da wannan ma'auni fiye da yadda Poe zai taɓa zato. A ganina wannan dacewa ce ta sa haɗin ya yiwu.

Injiniya da marubucin waƙa

The Alan Parsons Project ba ƙungiya ba ce irin wadda aka saba, mai mutum huɗu ko biyar da ke yawon dandali. Mutum biyu ne. Alan Parsons injiniyan sauti ne a sutudiyon Abbey Road na Landan. Ya yi aiki yana ƙaramin ma'aikaci a faifan Beatles na ƙarshe-ƙarshe, sannan shi ne injiniyan shahararren faifan Pink Floyd na 1973, The Dark Side of the Moon. Eric Woolfson ɗan Glasgow ne, marubucin waƙa kuma makaɗin piyano. A kantin cin abinci na Abbey Road suka haɗu a 1974. Woolfson ya zama manajan Parsons, kuma shi ne ya zo da tunanin Poe, wanda ya daɗe yana juya shi a ransa.

Tunanin Woolfson shi ne, kamar yadda a fim ake cewa aikin darakta Hitchcock ne ko na darakta Kubrick alhali ba a ganin su a majigi, haka ma a kiɗa mai tsara sauti zai iya zama jagora, ya riƙa ɗauko muryar da ta dace da kowace rawa. Haka kuwa aka yi. Aka ɗauko makaɗa daga ƙungiyoyin Pilot da Ambrosia, aka ba Andrew Powell aikin tsara kiɗan babban taron makaɗa da 'yan amshi, aka fara ɗauka a tsakiyar 1975 aka gama a farkon 1976. Kamfanin zane na Hipgnosis ya yi bangon: mutum naɗe kamar gawar Fir'aunonin Masar, sai dai abin da aka naɗe shi da shi zaren ɗaukar sauti ne na sutudiyo.

Abin da ke ciki

Waƙoƙi bakwai ne, duka bai wuce minti 40 da 'yan kai ba. An buɗe da kiɗa zalla mai taken wata waƙar Poe ta 1849 a kan mafarki cikin mafarki, wanda bugun jitar bas ɗinsa ke zarcewa kai tsaye cikin waƙar hankaka.

A waƙar Poe, wani ɗalibi ne zaune da tsakar dare a watan Disamba yana jimamin rasuwar Lenore, sai hankaka ya shigo ya sauka a kan mutum-mutumin da ke saman ƙofa. Kalma ɗaya tak tsuntsun ya iya, mai nufin ba za a ƙara ba har abada. Mutumin ya gane da wuri cewa tsuntsun kalmar kawai ya haddace a wurin wani maigidansa na da. Duk da haka ya ci gaba da yi masa tambayoyin da ya san amsarsu za ta yanka shi: zan manta? za mu sake haɗuwa a Aljanna? Gaskiya ne a ƙarshe yana kiran tsuntsun shaiɗan, amma mai makoki ne ya laƙaba masa sunan cikin zafin rai, tsuntsun bai yi komai ba sai maimaita abin da ya iya. A faifan, Parsons da kansa ya rera farkon waƙar ta cikin na'urar sauya murya da ake kira bokoda, wadda ke aro siffar maganar mutum ta ɗora wa sautin lantarki. Wannan ita ce muryar da ke sa wasu zargin aljanu. Kamfanin EMI ne ya ƙera na'urar, kuma waƙar tana cikin na farko-farko da aka ji ta a kiɗan rok. Ɗan wasan kwaikwayo Leonard Whiting ne ya karɓi sauran da muryar mutum.

Ta uku ita ce The Tell-Tale Heart, labarin 1843. Mai ba da labarin ya fara da rantsuwar cewa ba mahaukaci ba ne. Yana zaune da wani tsoho da bai taɓa yi masa komai ba, amma idon tsohon guda ɗaya, mai yana a kansa kamar na ungulu, ya tsaya masa a rai. Dare bakwai yana leƙa shi, a na takwas ya kashe shi, ya daddatsa gawar ya ɓoye a ƙarƙashin katakon ɗaki. 'Yan sanda uku suka zo saboda maƙwabci ya ji ihu. Ya tarbe su da fara'a, ya ajiye kujerarsa daidai kan inda gawar take. Suna hira sai ya fara jin bugun zuciya, yana ƙaruwa, yana ƙaruwa, har ya miƙe ya ce su ɓalle katakon, shi ya yi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. An ba Arthur Brown wannan rawa, mutumin da ya yi suna a 1968 da hawa dandali da wuta a ka, ya kuma yi ta da kururuwa da rawar murya. Waƙar tana razana mai ji, amma a nan nake ganin sun kuskure kaɗan. Mutumin Poe yana farawa ne a natse, haukarsa a hankali take fitowa daga ƙarƙashin iya magana. Brown kuwa tun daga baitin farko ya riga ya zare.

Inda suka fi gane Poe shi ne The Cask of Amontillado, labarin 1846. Montresor ya ce Fortunato ya ci masa mutunci, amma har labarin ya ƙare bai faɗi abin da aka yi masa ba. A daren wani bikin ɓad-da-kama a Italiya ya tarar da shi a buge, sanye da kayan wawan sarki da hula mai 'yan ƙararrawa. Ya ce masa ya sayi gangar wata giya mai tsada, yana son masani ya ɗanɗana. Ya ja shi cikin kogon ƙarƙashin gidansa inda ƙasusuwan kakanninsa suke, yana ta nuna damuwa da tarinsa, yana cewa su koma kada sanyi ya kama shi. Da suka kai ƙurya ya ɗaure shi da sarƙa ya fara jera tubali. Sai a layin ƙarshe muke jin cewa shekara 50 ke nan da yin abin. Me Woolfson da Powell suka yi da wannan? Sun ba John Miles waƙa mai taushi, da piyano da goge a hankali, kusan kamar ta rarrashin yaro, ita ce muryar mai kisan. Muryar Terry Sylvester tana shigowa ta ƙarƙashi tana roƙo. Sai can ƙahonni da 'yan amshi su fashe da ƙarfi, su lafa, taushin ya dawo. Wato sun fahimci cewa abin da ke tayar da tsigar jiki a labarin shi ne ladabin Montresor. Wanda ya taɓa ganin yadda gaba ke zama shekaru a cikin dangi ana gaisawa da murmushi zai gane wannan waƙa ko da bai ji Turanci ba.

Ta biyar labarin wani asibitin masu taɓin hankali ne a kudancin Faransa, inda baƙo ya ci liyafa da ma'aikata masu baƙin hali, sai daga baya ya gane marasa lafiyar ne suka ƙwace gidan, suka shafa wa masu gadi kwalta da gashin tsuntsu suka kulle su. Labarin barkwanci ne mai ɗaci, kiɗan ma na rawa ne. Ita ce aka fi sa wa a rediyo, ta kai lamba 37 a jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka.

Fuska ta biyu kusan duka ta tafi ne a kan rushewar gidan Usher, labarin 1839, cikin kiɗa na kimanin minti 16 da aka kasa biyar, ba a rera ko kalma ɗaya ba. Roderick Usher da tagwainiyarsa Madeline su ne ƙarshen zuriyarsu, a wani tsohon gida mai siririyar tsaga daga rufi zuwa tushe, a bakin wani baƙin tafki. Madeline ta sandare har aka ɗauka ta mutu, aka sa ta a akwati a ɗakin ƙasa. Kwanaki Roderick yana jin motsinta bai iya faɗa ba. A daren guguwa ta fito jina-jina ta faɗa kansa, suka mutu tare, gidan ya tsage ya nitse. Me ya sa aka bar wannan ba waƙa? Poe ya ce ciwon Roderick shi ne kaifin ji, duk wani sauti azaba ne gare shi in ban da na kayan kiɗa masu tsirkiya. Labari ne da aka gina a kan kunne. Shi ya sa kashi na huɗu, wanda ya fi kowanne daɗi, aka tsara shi da kayan tsirkiya iri-iri, har da na Hangari da na Finlan, kafin kashi na ƙarshe, wanda bai kai minti ɗaya ba, ya rushe komai da ƙarar goge marar jituwa. Kashin farko kuwa an ɗebo shi ne daga wasan waƙa da Bafaranshe Claude Debussy ya yi shekaru yana tsarawa a kan wannan labari, ya rasu a 1918 bai gama ba, kuma ba a rubuta sunansa a bangon faifan ba. Wannan rashin kyautawa ne, ko da doka ba ta hana ba.

An rufe da waƙa mai sanyi ga masoyiyar da ta riga ta tafi Aljanna.

To daga ina zargin ya samo asali?

Ba daga iska ya faɗo ba. Tun 1970 wasu ƙungiyoyin rok mai nauyi suka ga cewa alamomin shaiɗan suna sayar da faifai, suka riƙa amfani da su. Yawancinsu talla ce, amma ba duka ba: a farkon shekarun 1990 wasu matasa masu wani salon kiɗa a Norway sun ƙona majami'u da gaske. A Amurka, shekarun 1980 sun zo da fargabar cewa ana ɓoye saƙon shaiɗan a faifai in an juya shi baya, kuma a 1985 wata ƙungiyar iyaye da Tipper Gore, matar wani sanata, ke cikin jagororinta ta kai maganar kalaman waƙoƙi gaban kwamitin majalisar dattawa, abin da ya haifar da tambarin gargaɗin iyaye da ake gani a bangon faifai har yau. Wa'azozi da bidiyoyin wancan zamani su ne aka yi ta fassarawa ana yaɗawa har suka iso wayoyinmu, sai dai a hanya bambancin da ke tsakanin salo da salo ya zube, kowane kiɗa mai duhu ya zama abu ɗaya.

Su ma Parsons da Woolfson sun ba masu zargi abin riƙewa ba da niyya ba. Faifansu na 1978 a kan dalar Masar yake, wato manyan gine-ginen nan na kaburburan Fir'aunoni, na 1982 kuma, Eye in the Sky, yana ɗauke da hoton ido irin na tsoffin Misirawa. Ido ɗaya da dala sun isa hujja ga mai neman Illuminati. Woolfson ya danganta sunan da kyamarorin da ke saman rufin gidajen caca suna sa ido a kan kowa, kuma faifan da ya gabace shi a 1980 dama a kan caca da yadda take cin mai yin ta yake. Mutanen nan jigo suke ɗauka kowane faifai: na'ura mai tunani, caca, sa ido, maginin Sifen Gaudi. Poe shi ne na farko cikin goma da suka yi tsakanin 1976 da 1987.

Masu yabo da masu kushe

Sukar da ta fi nauyi daga masu son Poe ta fito. Sun ce aikin ya yi tsabta da yawa, ya yi sheƙi irin na ƙwararren injiniya, alhali rubutun Poe zazzaɓi ne da gumi. Mujallar Rolling Stone ta yi irin wannan ƙorafi tun lokacin. Akwai kuma asarar da ba makawa: waƙar hankaka baiti 18 ce mai amsa-amon ciki da ke matse mai karatu sannu a hankali, an taƙaita ta zuwa minti huɗu.

Sukar ta biyu ta zamani ce. A shekarar da faifan ya fito ne salon punk ya ɓarke a New York da Landan, matasa marasa aikin yi suna cewa kiɗa na mai jita ɗaya da fushi ne, ba na mai kuɗin hayar makaɗa ɗari ba. A idonsu irin wannan faifai shi ne girman kan da suka zo rushewa. Suna da gaskiyarsu, domin kiɗan prog ya kai matsayin da talaka ba zai iya yin sa a ɗakinsa ba.

Masu yabo kuma suna cewa, kuma ina tare da su a nan, ba a taɓa nufin faifan ya maye gurbin littafi ba. Karatu ne na mutum biyu, da kunne suka yi shi, kuma kamar kowane karatu ya dace a wani wuri ya kauce a wani. A kasuwa bai yi wani tashe ba da farko, lamba 38 ya kai a Amurka, amma an sa shi cikin 'yan takarar lambar yabon kiɗa ta Grammy a fannin ingancin sauti, kuma Woolfson bai rabu da Poe ba: ya fitar da ci gaban aikin a 2003, shekara shida kafin rasuwarsa a 2009.

Abin da ya shafi mai sauraro a yau

Ga iyaye, abin lura a nan shi ne abin da labaran suka ƙunsa: kisa, giya, binne mai rai, taɓin hankali. Ba na ƙananan yara ba ne. Ga matashin da ya kai karanta irin waɗannan labarai a ajin adabin Turanci, babu wani abu a waƙoƙin da ya wuce abin da ke shafin littafin, hasali ma an rage.

Ga mawaƙa da masu karanta littattafai a YouTube da rediyo akwai darasin haƙƙin mallaka. Parsons da Woolfson ba su biya kowa ba don ɗaukar labaran Poe, saboda ya rasu tun 1849, aikinsa ya zama na kowa. Duk mai so zai iya fassara su zuwa Hausa yau, ya karanta, ya sa musu kiɗa. Amma sautin faifan 1976 yana da masu shi, ɗora shi a ƙarƙashin bidiyonka zai iya sa a sauke bidiyon. Haka kuma littafin marubucin da bai daɗe da rasuwa ba ba na kowa ba ne: dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare aikin adabi har shekara 70 bayan rasuwar mai shi.

Sai yadda ake sauraro. Manhajojin kiɗa sun saba mana da tsintar waƙa ɗaya a nan ɗaya a can, su ma kansu sukan cakuɗa jerin. Faifan nan ba ya jure haka. Wanda ya ji daƙiƙa 50 na rushewar gidan Usher shi kaɗai ƙara kawai zai ji, domin minti 15 da suka gabace shi su ne ke ba shi ma'ana. Kuma gajerun bidiyoyin da ke sa mutane yanke hukunci daidai irin waɗannan guntaye suke yankowa.

Ya kamata kuma a san bugu biyu ne. A 1987, da za a fitar da shi a faifan CD, Parsons ya sake haɗa sautin, ya ƙara jita da sintesaiza da amon ganguna irin na shekarun 1980, ya kuma sa muryar ɗan fim ɗin Amurka Orson Welles tana gabatar da kowace fuska. An ɗauki muryar tun 1976 amma ba ta shiga bugun farko ba, kuma Welles ya rasu a 1985 bai ji ta a faifan ba. Bugun 1987 ne aka fi cin karo da shi, an kuma haɗa su biyun a fitowar 2007. Shawarata a fara karanta labarin gangar giya da na zuciyar, kowanne bai wuce 'yan shafuka ba kuma suna nan kyauta a intanet, sannan a nemi bugun 1976. Sautinsa ya fi bushewa, gangunan ba su cika wuri ba, kuma a waƙar Montresor ana jin muryar Fortunato sosai a ƙarƙashin ta mai gine shi.